Abin da hoton ƙwaƙwalwa ke nunawa idan yaro ya faɗa doguwar suma

Yaro na wasa da safe, da yamma jiki ya yi zafi, ya fara jijjiga, daga nan ko an tsungule shi ba ya motsi. Likitoci na kiran wannan hali rikicewar ƙwaƙwalwa ta farat ɗaya. Sanƙarau na kawo ta, haka ma ƙarancin sukari a jini ko guba, amma a kudancin Nijar, daga tsakiyar damina zuwa kaka, masassarar cizon sauro da ta hau kai ce ake fara zargi.

Na'urori biyu ne ake leƙa cikin kai da su. Sikana tana da sauri, tana nuna zubar jini da babban kumburi. IRM, wadda ke aiki da maganaɗisu, ta fi ta gani sosai, sai dai tana da tsada, tana cin lokaci, kuma dole yaro ya kwanta ba motsi.

Shekara da shekaru ba a san takamaimai abin da ke kashe yaran da masassara ta hau wa kai ba. Amsar ta fito daga asibitin Sarauniya Elizabeth na birnin Blantyre a Malawi, inda ayarin likita Terrie Taylor ta Amurka ya ɗauki hoton IRM na yara 168. A sakamakon da aka wallafa a 2015, yara 25 sun rasu, kuma 21 daga cikinsu, wato kashi 84 cikin ɗari, ƙwaƙwalwarsu ta kumbura matuƙa. Cikin waɗanda suka rayu, kashi 27 cikin ɗari ne kawai ke da irin wannan kumburi. Ƙoƙon kai ba ya buɗewa, don haka idan ƙwaƙwalwa ta kumbura sai ta danne gindinta, inda ake sarrafa numfashi, numfashin ya tsaya alhali zuciya na bugawa. A yaran da suka tsallake kwanakin farko, kumburin yakan saɓe da kansa.

A Japan, inda mura ce ta fi jawo irin wannan suma, hoton daban yake. A 1995 likita Mizuguchi ya bayyana wani nau'i mai tsanani da ke barin tabo iri ɗaya, dama da hagu, a can tsakiyar ƙwaƙwalwa. Akwai kuma wani nau'in da hoton ranar farko ke fitowa lafiya lau, sai bayan kwana uku ko fiye ɓarnar ta bayyana. Ke nan hoto mai kyau a ranar farko ba ya wanke yaro.

Inda babu IRM, likita kan haska bayan idon yaro da ƴar fitila: fararen tabo da ɗigon jini a wurin alama ce mai ƙarfi cewa masassarar ce ta taɓa ƙwaƙwalwa. Auna sukari, tsayar da jijjiga da allurar artesunate kuwa ba sa jiran hoto.