Karkatar ƙwayar yisti zuwa ga abokiyar barbara

Karkatar ƙwayar yisti hanya ce da yistin burodi, Saccharomyces cerevisiae, yake bi wajen juya girmansa zuwa inda sinadarin kiran barbara ya fi yawa. Ƙwayar ba ta iya tafiya, don haka sai dai ta miƙa jiki.

Jinsi biyu ne, a da alfa. Kowanne yana fitar da nasa sinadarin, ɗayan kuma ya karɓe shi da furotin da ke kan fatarsa: Ste2 a jinsin a, Ste3 a jinsin alfa. Da saƙon ya shiga, furotin Far1 yakan tsayar da rabuwar ƙwayar a matakin G1, ya kuma jawo wani furotin mai suna Cdc24 zuwa gefen da kiran ya fi ƙarfi. A nan Cdc24 ke kunna furotin Cdc42, zaruruwan aktin su jeru, kayan gina bangon ƙwayar su riƙa kwarara wuri guda har tsiro ya fito. Wannan siffar ake kira shmoo, sunan wata halittar zanen barkwanci da Al Capp ya ƙirƙira a Amurka a 1948.

Abin sha'awa, jinsin a yana fitar da Bar1 mai lalata sinadarin alfa, kuma wannan ɓarnar ke taimaka masa gane alkibla. In sinadarin ya cika ko'ina daidai wa daida, tsiron yakan fito ta gurbin da ƙwayar ta saba yin toho. In tsiro biyu suka gamu, bango ya narke, ƙwayoyin su zama ɗaya.