Tsakuwar da ke Cikin Yumɓun Nok



A shekarar 1928, masu haƙar kuza a ƙauyen Nok, kudancin Kaduna, suka tono wani mutum-mutumi na gasasshen yumɓu. Daga baya Bernard Fagg ya bi diddigin irinsa, aka gano sun haura shekara 2,000. In ka kalli ɓallin ɗaya daga cikinsu da kyau, za ka ga ƙwayoyin farin dutsen ƙanƙara da wasu masu ƙyalli birjik a jikin yumɓun. Wani zai ce ai ganda ce, ba su tace ƙasar ba. To, kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi.

Yumɓu zalla yana tsukewa idan yana bushewa, sai ya tsage. A wuta kuma, ruwan da ya maƙale ciki ya zama tururi, in bai samu hanya ba ya fasa aikin. Tsakuwa tana rage tsukewar, tana kuma ba tururin mafita.

Amma fa akwai ciniki a ciki. Dutsen ƙanƙara yana kumbura idan zafi ya kai digiri 573, ya koma ya tsuke idan ya huce, ya bar ƙananan tsaga kewaye da kowace ƙwaya. Shi ya sa tukunya mai tsakuwa da yawa ba ta ɗaukar nauyi kamar mai laushin yumɓu. Sai dai idan tsaga ta taso tana gudu, da ta ci karo da ƙwaya sai ta karkace, ƙarfinta ya ƙare. Mai laushi ta fi ƙarfi, amma ranar da ta tashi fashewa, tas take yi. Mai tsakuwa kuwa ta tsage ta ci gaba da aiki, ta jure hawa da sauka a murhu.

Wannan lissafi maginan tukwane suka yi da hannu da ido, ba ma'aunin zafi, ba ɗakin gwaji. Matan Gbagyi, waɗanda Ladi Kwali ta jikin naira 20 ta fito daga cikinsu, har gobe a buɗaɗɗiyar wuta suke gashi.

Abin takaici, masu haƙar sata sun kwashe kayan Nok da yawa zuwa ƙetare, kuma duk ramin da suka birkita, bayanin da ke cikinsa ya tafi ke nan. Don haka in kun ci karo da tsohon tsingaro a gona, kar ku sayar, ku sanar da gidan tarihi mafi kusa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.