Farfelar Wutsiya: Tarihin Ƙaramin Abin da Ke Riƙe da Jirgi

A watan Oktoba na 2007, kamfanin dillancin labarai na AFP ya yaɗa labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin fizis a Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin motar Honda Civic da kujerun tsohuwar Toyota. Jirgin ya tashi, sai dai bai wuce ƙafa 7 daga ƙasa ba. Labarin ya farfaɗo da tsohuwar tambaya: in jirgi ya bar ƙasa, me zai riƙe shi ya fuskanci inda aka nufa?

Amsar tana wutsiya. Idan inji ya juya babbar farfela zuwa dama, gangar jikin jirgin takan nemi juyawa zuwa hagu, bisa doka ta uku ta Newton. Matuƙar ba a tare wannan juyin ba, jirgin zai yi ta katantanwa har ya faɗi. A 1911 Boris Yuryev, ɗan Rasha, ya ba da shawarar a ɗaura ƙaramar farfela a wutsiya. Jamusawa sun bi wata hanya a 1936, inda jirginsu Fw 61 ya tashi da manyan farfeloli biyu masu juyawa saɓanin juna. Igor Sikorsky ne ya tabbatar da tsarin wutsiya da jirginsa VS-300, wanda ya fara tashi a Amurka ranar 14 ga Satumba, 1939.

Ƙananan jirage masu rimot sun gaji matsalar. Sai a 1970 Bajamushe Dieter Schlüter ya nuna samfurin da ke bin umarni a sama yadda ya kamata. Har yau hanyoyi uku aka fi bi wajen kai ƙarfi zuwa wutsiyarsu: bel mai haƙora, ko siririyar sanda mai juyawa cikin bututu, ko ƙaramin inji na daban. Mai ɗaura bel yakan murɗa shi rubu'in juyi a cikin bututun. In ya murɗa ta ɓangaren da ba daidai ba, farfelar ta juya a baibai. In bel ya yi sako-sako, ya tsallake haƙora. In ya yi tsauri, ya cinye boris.

Wannan aiki ne na awon milimita, kuma a nan tarihin ya taɓa Kano. Tun 1925 jiragen sojan saman Ingila suka fara sauka a birnin, amma masana'antun da aka kafa daga baya a Bompai da Sharada da Challawa ta hanyar Panshekara sun fi karkata ga jima, saƙa, roba da abinci. Bayan shirin SAP na 1986, ga kuma ƙarancin wutar lantarki, da yawa daga cikinsu suka rufe, ƙwararrun da ke gyara injinansu suka watse.

Basira ba ta taɓa ƙaranci a Kano ba. Abin da matashi mai ƙera jirgi yake buƙata shi ne wurin da za a yanka masa haƙoran ƙarfe daidai da awo, sau ɗari ba tare da saɓani ba. Muddin babu shi, kowane sabon mai ƙira daga kasuwar gwangwan zai fara.