Daga Sankira zuwa Ɗigon Rigakafi: Yadda Saƙon Ƙetare Ya Shiga Ƙasar Katsina

Abin da a yau ake kira hulɗa da jama'a, wato tsararren aikin da gwamnati ko kamfani ko ƙungiya ke yi domin mutane su amince da ita su kuma karɓi abin da ta zo da shi, ya tarar da ƙasar Hausa da nata tsarin isar da magana wanda ya daɗe da kafuwa. A ƙauye irin Dabawa, cikin yankin Dutsin-Ma da Kurfi, umarni yakan taso daga fadar Sarkin Katsina ya sauka wurin hakimi, Yandaka a Dutsin-Ma ko Maradi a Kurfi, ya gangaro ga dagaci da mai unguwa, sannan sankira, wato maroƙin da ke yin shela, ya ɗaga murya da shi ranar kasuwa ko bayan sallar isha'i. Ƙarfin wannan tsari shi ne mai sauraro ya san bakin da maganar ta fito, ya san gidan mai ita, ya kuma san wanda zai tuhuma idan ta zama ƙarya.

Turawan mulkin mallaka sun fahimci haka da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙarato. A watan Janairun 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, inda Abubakar Imam ya zama editanta tare da kulawar Rupert East, kuma daga cikin abin da aka so ta yi har da kwantar da jita-jitar cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus. A 1941 aka kai Isa Kaita, wanda kwalejin ilimi ta Dutsin-Ma ke ɗauke da sunansa a yau, tare da Bello Dandago zuwa gidan rediyon ZOY da ke Ankara a Gwalkwas, domin su riƙa karanta labaran yaƙi da Hausa. An tsara manufar a Landan, amma muryar da ta isar da ita ta 'yan ƙasa ce waɗanda aka san iyayensu.

Majigi, wato silima mai yawo a mota, shi ne ya fi kusantar talaka. A wancan zamani akan kafa farin allo a ƙofar gidan hakimi idan rana ta faɗi, a tayar da injin, mai bayani ya riƙe lasifika yana fassara hotunan tsabtar gida ko noman auduga da gyaɗa, yana ƙara nasa gishiri yadda jama'a za su gane. Sau da yawa fim ɗin da aka shirya shi da tunanin Bature ba ya yin tasiri sai gwargwadon fasahar wannan mai bayani.

Babu inda wahalar kawo gangami daga ƙetare ta fito fili kamar a yaƙi da cutar shan inna. Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta sun ƙaddamar da shirin kawar da cutar a 1988, da tsari kusan iri ɗaya ga kowace ƙasa: ranakun rigakafi, ma'aikata gida-gida, ɗigo biyu a bakin kowane yaro da bai kai shekara 5 ba. A 2003 Kano da wasu jihohin Arewa suka dakatar da aikin, bayan Dokta Datti Ahmed na Majalisar Ƙoli ta Shari'a da wasu malamai sun yi zargin cewa an gurɓata maganin da sinadarin hana haihuwa. Gwaje-gwaje ba su tabbatar da zargin ba, sai dai masu shirin sun yi kuskuren ɗaukar lamarin a matsayin jahilci da za a gyara da ƙarin fastoci da sanarwar rediyo, alhali shakkun mutane na da tushe a abin da suka gani. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, 11 daga cikin kimanin 200 da ke cikin gwajin suka rasu, kuma ko da yake kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, shari'ar da aka yi da shi ba ta kai ga sulhu da gwamnatin jihar ba sai a 2009. Ga kuma mamayar Iraƙi da Amurka ta yi a watan Maris na 2003, wadda ake sauraron labarinta kullum a sashen Hausa na BBC. Tambayar da iyaye suka riƙa yi ta cancanci amsa: me ya sa ake bin su har ɗaka da maganin kyauta na cutar da ba su cika gani ba, alhali zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda na kashe 'ya'yansu, asibiti kuwa sai da kuɗi?

Kafin Kano ta koma rigakafi a watan Yulin 2004, da maganin da aka sayo daga Indunisiya, ƙasar Musulmi, cutar ta riga ta tsallaka zuwa ƙasashe da dama da suka rabu da ita, kuma yaran da suka shanye a wannan tsakani su ne suka biya farashin rashin jituwar. Gyaran da ya yi aiki daga baya ya bi tsohuwar hanyar nan ce. A 2009 Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya jagoranci kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko, aikin ya koma hannun hakimai da dagatai, mai unguwa ya riƙa raka ma'aikata gidan da aka ƙi buɗe ƙofa. Aka ɗauki matan unguwa masu iya shiga gidan kulle, aka sa waɗanda cutar ta nakasa su yi magana da bakinsu, aka kuma haɗa ɗigon da sabulu da duba marasa lafiya kyauta. A 2016 aka ga ƙarshen masu kamuwa da asalin ƙwayar cutar a Borno, a watan Agustan 2020 kuma aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Rigakafin dai na ci gaba a jihar Katsina saboda wani nau'in cutar da ya rage, kuma a ƙauyukan Kurfi da Safana da Batsari 'yan bindiga sun zama cikas da ya hana ma'aikata isa ga yara.