BISHOF MATTHEW HASSAN KUKAH, ALMAJIRIN ZARIYA

Duk wanda ya san Zariya ya san ba ganuwa kaɗai ce gari ba. Tun da jirgin ƙasa ya iso, wajen 1911, baƙi suka yi ta sauka a Sabon Gari, kowa da harshensa da addininsa. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, Samaru ita ma ta cika. Cikin baƙin nan akwai Kiristoci 'yan ɗarikar Katolika, masu bin Paparoma na birnin Rum. Limaminsu ana ce masa Fada, ba ya aure. Wanda ke bisa Fadan-fadan wani yanki kuwa shi ne Bishof. To, labarin wani daga cikinsu za mu ba ku, wanda ya yi karatu a nan Zariya.

An haifi Matthew Hassan Kukah ran 31 ga Agusta, 1952, a Anchuna, ƙasar Ikulu, wajen Zangon Katab. A lokacin nan wurin yana cikin Lardin Zazzau. Da ya ƙare firamare, sai aka kawo shi Zariya makarantar Saint Joseph, inda ake tarbiyyar yaran da ke nufin zama limamai. Daga nan ya zarce Jos, ya karanci tauhidin addininsu da falsafa, aka naɗa shi Fada a watan Disamba, 1976. Bai tsaya nan ba. Ya haye Ingila, ya karanci hanyoyin sulhu a Jami'ar Bradford, ya kuma sami digirin dakta a Jami'ar Landan a 1990.

Ana cikin haka, a watan Maris, 1987, rigima ta tashi tsakanin ɗalibai Musulmi da Kirista a kwalejin horon malamai ta Kafancan. Kafin a ce kwabo wutar ta iso Kaduna da Zariya da Funtuwa. An ƙone masallatai a Kafancan, an ƙone coci-coci a Samaru da Sabon Gari. Maƙwabtan da suka shekara suna cin kasuwa ɗaya suka koma kallon juna a kaikaice.

Wannan irin fitina ita Fada Kukah ya zauna ya bincika. A 1993 ya fitar da littafi da Turanci kan addini da siyasa da mulki a Nijeriya ta Arewa. Abin da ya nuna shi ne, yawancin faɗan da ake jinginawa ga addini, in an tona, sai a tarar neman mulki da rashin adalci ne a gindinsa, masu neman muƙami ke sa wa buƙatarsu rigar addini. Waɗansu malamai sun yarda, waɗansu kuwa suka ce ya matsa wa sarakuna da manyan Arewa fiye da kima.

Daga nan ƙasa ta shiga ba shi aiki. A 1999 aka sa shi cikin hukumar Mai Shari'a Oputa, wadda ta saurari koken waɗanda aka zalunta, musamman a zamanin mulkin soja. A 2005 ya zama sakataren taron gyaran siyasa na ƙasa. A 2011 Paparoma Benedict ya naɗa shi Bishof na Sakkwato, watau birnin Shehu. Da zaɓen 2015 ya gabato, mutane na tsoron jini zai zuba, sai ya tsaya aka kafa kwamitin zaman lafiya. Janar Abdulsalami Abubakar ne shugaba, Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar yana ciki. Goodluck Jonathan da Muhammadu Buhari suka sa hannu bisa alkawarin zaman lafiya, mulki kuma ya sauya hannu ba tare da yaƙi ba.

Amma fa bakinsa da kaifi. A jawabinsa na Kirsimeti, 2020, ya zargi gwamnatin Buhari da fifita nata wajen rabon muƙamai. Musulmi da yawa suka ji zafi, har wata ƙungiya a Sakkwato ta ce ya nemi gafara ko ya bar garin. Sai ga shi fadar shugaban da ya soka ita ce ta fito, a Janairu 2021, ta ce kowane ɗan ƙasa yana da ikon zama inda ya so.

To, jama'a, mu da muka koyi karatu da girmanmu, ga abin lura. Ba sai ka yarda da duk maganar mutum za ka bar shi ya faɗe ta ba. In ya yi kuskure, a mayar masa da hujja, kamar yadda malamanmu ke yi a zaure. Zariya ta gwada wuta a 1987, ba ta tsinci kome ba sai toka. Ran da wani ya zo ya ce ka tashi ka far wa maƙwabcinka domin addini, tambaye shi, in an gama, wa zai sami kujera, wa kuma zai kwana a waje.

Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.