Yadda Dajin Agege Ya Yi Daraja Muna Kallo

Duk wanda ya zauna da dattawanmu na Zango ya sha jin suna cewa nan wurin da can duk daji ne. Gaskiyarsu. Lokacin da jirgin ƙasa ya fara zirga-zirga tsakanin Ikko da Badun a 1901, Agege ƙauye ne mai gonakin koko da goro. Goron nan shi ya jawo kakanninmu, balle da dogo ya kai Kano a 1911.

A wancan zamani fili ba abin wahala ba ne. Mutum ya je ya gai da Bale, a nuna masa wuri, ya riƙa biyan ishakole, wato 'yar gaisuwar shekara ga masu ƙasa. Wanda ya saya kuwa, sau da yawa shaidu kawai ya kafa, ba takarda. Galibin iyayenmu ma ba su saya ba. Ci rani suka zo, in an samu riba sai a aika gida a yi gini ko a sayi shanu.

To, sai zamani ya juya. An kafa Jihar Legas a 1967, Ikeja da ke maƙwabtaka da mu ta zama hedikwata a 1976. Fuloti mai ƙafa 60 da 120 da ake raina wa ya gagari ɗan kasuwa. A 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa dokar ƙasa wadda ta danƙa filaye a hannun gwamna, magana ta koma ta satifiket. A nan ne cinikin baka ya tona mana asiri. A al'adar Yarbawa ƙasa ta dangi ce, in ba da yardar shugaban gida da manyansa aka sayar ba, jikoki na iya tada maganar a kotu. Gidaje nawa muka rasa ta haka?

A shekarar nan ta 1978 aka buɗe babban titin Legas zuwa Badun. Ƙauyuka irin su Ibafo da Mowe suka bi sawun Agege, muna wucewa da tirelolin shanu muna kallo.

Jama'a, 'ya'yanmu nan aka haife su, nan za su zauna. Mai niyyar fili ya nufi ƙauyen da hanya ba ta kai ba tukuna, amma ya tafi da lauya da safiyo, dangi su sa hannu, a yi rajista. Da na sani ƙeya ce. Allah Ya sa mu dace, amin.