Tagogin da Aka Rufe a Filadelfiya

Tun zamanin da, hukama'un Yunan sun kasa mulki kashi uku gwargwadon adadin masu riƙe da ragamarsa, kuma Aristo, wanda malaman Musulunci suka yi wa laƙabi da Malami na Farko, shi ne ya fi kowa daidaita wannan bayani: imma al'amari ya kasance a hannun mutum guda, imma a hannun 'yan tsirarun manya, ko kuwa a hannun jama'a. Sa'an nan ya yi tanbihi cewa kowane ɗaya daga cikin ukun yana da mummunar surar da yakan rikiɗe zuwa gare ta idan son zuciya ya shige shi, ta yadda sarauta kan koma fir'aunanci, mulkin manya ya koma na attajirai, mulkin jama'a kuma ya koma na taron da ba ya jin tsawa.

Mutanen da suka hallara a birnin Filadelfiya na Amurka cikin shekarar 1787 ba su tsaya ga karanta wannan a littafi ba, sun ɗanɗana shi. Sun warware mubaya'arsu ga Sarki Joji na Uku na Ingila ran 4 ga Yuli 1776, suka yi yaƙi har Ingila ta sallama a yarjejeniyar Faris ta 1783. Amma da yake wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake yi, sai jihohin ƙasar goma sha uku suka kafa wa kansu gwamnatin tarayya wadda ba ta da shugaba mai zartarwa, ba ta da ikon ɗora haraji, sai dai ta roƙi jihohi su taimaka, su kuwa su bayar in sun ga dama. Baitulmali ya bushe, bashin yaƙi ya yi katutu. Da manoman Masacuset waɗanda bashi ya ci suka ɗauki makamai cikin 1786 a ƙarƙashin wani tsohon soja mai suna Daniel Shays, suka hana kotuna zama, gwamnatin tarayya ta kasa tada rundunar da za ta kwantar da fitinar, har sai da attajiran Boston suka yi karo-karo.

An buɗe taron Filadelfiya ran 25 ga Mayu 1787. Wakilai 55 ne suka halarta daga jihohi 12, don Rod Ailan ta ƙi aiko da kowa, aka kuma naɗa Joji Washinton ya shugabanci zaman. Umurnin da aka ba su shi ne su yi wa tsohuwar yarjejeniyar da ta kafa gwamnatin tarayya kwaskwarima. Su kuwa suka ajiye ta gefe guda suka soma sabon gini tun daga harsashi, kuma domin kada maganar ta fita kafin ta nuna, suka yi alkawarin riƙe sirri, suka rufe tagogi duk da tsananin zafin lokacin. Abin mamaki ne a ce tsarin da ake yabo da bayyana al'amura ga talakawa a ɓoye aka haife shi, ko da yake, a ganina, da a bainar jama'a aka yi shawarar, da wuya wakili ya iya janye maganar da ya faɗa jiya.

Saɓanin da ya kusa watsa taron shi ne na manyan jihohi da ƙanana. Bajiniya, wadda yawan mutanenta ya ninka na Delawa fiye da sau goma, ta nemi a raba kujerun majalisa bisa yawan jama'a. Niyu Jazi ta ce kowace jiha ƙuri'a ɗaya, kamar yadda aka saba. Aka yi ta jayayya makonni, har ran 16 ga Yuli aka karɓi sulhun da wakilan Kanetikat suka dage a kansa, wato majalisa biyu: ta wakilai bisa yawan mutane, ta dattawa kuwa kujera biyu ga kowace jiha, babba ko ƙarama.

Amma inda hikimar aikin take shi ne yadda suka bi da iko kansa. Mu Hausawa mukan ce ba a sarki biyu zamani ɗaya, kuma galibin daulolin duniya a kan wannan ƙa'ida suka tsayu. Su kuwa waɗannan, bisa koyarwar Montesquieu, masanin Faransa wanda littafinsa kan ruhin dokoki ya fito cikin 1748, da gangan suka tsaga sarauta gida uku, suka ba kowane gida makamin da zai taka wa ɗan'uwansa burki. Majalisa ke yin doka, amma shugaba na iya ƙin sa hannu, ita kuma tana iya ƙetare shi idan kashi biyu cikin uku na kowane zaure suka yarda. Shugaba ke jagorancin sojoji, amma shelar yaƙi da kuɗin yin sa suna hannun majalisa. Shi ke zaɓen alƙalai, dattawa ke tabbatar da su, da zarar sun hau kuwa ba ya da ikon tuɓe su. Hatta wa'adi an sassaɓa shi, wakili shekara 2, shugaba 4, dattijo 6, domin kada guguwar zaɓe ɗaya ta kwashe kome a rana ɗaya. Wani wakili, Alexander Hamilton, ya tsaya ran 18 ga Yuni ya yi doguwar huɗuba yana neman shugaba mai zama muddin rai in dai bai yi laifi ba. Aka saurare shi da ladabi, aka wuce. Duk wannan gini an aza shi ne a kan mummunan zato ga nafsin ɗan Adam, domin wakili James Madison da abokansa ba su jingina da samun adalin shugaba ba, sun yi lissafi ne da ranar da azzalumi zai hau. Wannan fasali ne Nijeriya ta aro cikin 1979, lokacin da ta bar tsarin firayim minista irin na Ingila.

Sai dai akwai inda tsoron zalunci bai kai su ba. Ƙidayar 1790 ta sami mutum kusan miliyan huɗu a ƙasar, kusan 700,000 daga cikinsu bayi ne. Jihohin kudu suka ce a lissafa bayinsu wajen rabon kujeru, na arewa suka ce ai dukiya ba ta da wakili, aka daidaita a kan a ƙirga uku daga kowane biyar; ma'ana, bawan da ba ya da ƙuri'a ya zama abin da ke ƙara wa ubangijinsa nauyi a majalisa. Aka kuma haramta wa majalisa hana shigo da bayi kafin 1808, aka wajabta mayar da wanda ya tsere. Kalmar bawa ba ta fito ko sau ɗaya a cikin takardar tsarin mulkin ba, sai kinaya da zagaye-zagaye, kuma wanda ya guji kiran abu da sunansa ya san abin da yake yi.

Ran 17 ga Satumba mutum 39 suka sa hannu, cikinsu har da Benjamin Franklin mai shekara 81. Uku daga waɗanda ke zaune suka ƙi, kuma babbar hujjar George Mason na Bajiniya ita ce ba a rubuta haƙƙoƙin mutum a ciki ba. Hujjarsa ta bi takardar har jihohi, inda aka yi zazzafar muhawara kafin Niyu Hamsha ta zama ta tara da ta amince cikin Yunin 1788, aka cika sharaɗin amincewar jihohi tara kafin ta fara aiki. Daga baya, cikin 1791, aka ƙara gyare-gyare goma da suka ƙunshi 'yancin addini da na magana da na jarida. Madison, wanda da farko ya ga ba lallai ne a yi su ba, shi ne ya tsara su da hannunsa.

Shi ne kuma ya zauna gaban kujerar shugaban taro tun daga ranar farko har ta ƙarshe yana rubuta abin da kowa ya faɗa. Ya ɓoye rubutun nan muddin ransa, ya ga rasuwar dukan abokan zamansa kafin tasa ta zo cikin 1836, ba a kuwa buga shi ba sai 1840, shekara 53 bayan an rufe tagogin.